Me Ya Hana Ikkilisiyoyi Cin Jibin Ubangiji Tare Bayan Shekara Ɗari Ana Tattaunawa?

Wani ɗan'uwa mai koyar da Littafi Mai Tsarki ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Na ji cewa malaman tauhidi na ɗariku dabam-dabam sun fi shekara ɗari suna zama tare don neman haɗin kan ikkilisiyoyi. Me suka cim ma? Idan sun cim ma wani abu, me ya sa har yau Katolika da Furotesta ba sa cin Jibin Ubangiji tare? Kuma anya wannan neman haɗin kai ba sassauta gaskiya ba ne don kawai a zauna lafiya?"

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da na daɗe ina nazari a kai, wanda kuma yake damuna ƙwarai. Amsata a dunƙule ita ce an cim ma abu mai yawa, fiye da yadda akasarin masu bi suka sani, kuma an cim ma shi ne a wurin da kowa ya ɗauka ba za a taɓa daidaitawa ba. Tsofaffin rigingimu a kan wane ne Almasihu, da kuma yadda mai zunubi yake samun karɓuwa a gaban Allah, an warware kaso mai girma daga cikinsu. Inda gizo ke saƙar a yau shi ne tambayar mece ce Ikkilisiya, kuma wane ne yake da ikon tsayawa a gaban teburin Ubangiji ya kakkarya gurasa a madadin jama'a.

Yunƙurin na zamani ya taso ne daga fagen bishara. A shekarar 1910 wakilai kimanin 1,200 na ƙungiyoyin mishan suka taru a Edinbura, a ƙarƙashin jagorancin John Mott, kuma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda suka kwashi rigingimun Turai suka kai wa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wani matashin fasto daga ƙasar Sin, Cheng Jingyi, ya tashi a taron ya shaida musu cewa Kiristocin ƙasarsa suna begen ganin ikkilisiya guda wadda babu bambancin ɗarika a cikinta. Ba a gayyaci Katolika da Otodoks zuwa wannan taro ba, amma daga nan hanya ta buɗe. Aka samu reshe biyu. Reshe na farko, wanda Babban Bishop Nathan Söderblom na Suwidin ya jagoranta a Stockholm a 1925, ya ce a fara da yin aiki tare, tun da koyarwa tana rabawa, hidima kuma tana haɗawa. Reshe na biyu, wanda ya yi taronsa a Lausanne a 1927, ya ce ba za a gudu daga koyarwa ba, dole a zauna a fuskance ta. Waɗannan rassa biyu ne suka haɗu a Amstadam a 1948 suka kafa Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da ikkilisiyoyi 147, wadda a yau take da kimanin 350.

Ikkilisiyar Katolika da farko ta tsaya a gefe. A 1928 Fafaroma Pius na 11 ya hana 'yan Katolika halartar irin waɗannan tarurruka, bisa hujjar cewa haɗin kai hanyarsa ɗaya ce, wato waɗanda suka fita su komo gida. Bayan shekara 36, a ranar 21 ga Nuwamba 1964, Babban Taron Batikan na Biyu ya fitar da ƙuduri a kan haɗin kan Kirista, wanda ya amince cewa duk wanda aka yi wa baftisma cikin bangaskiya ga Almasihu ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, cewa laifin rabuwa yana wuyan ɓangarorin biyu, kuma Ruhu Mai Tsarki yana amfani da sauran ikkilisiyoyi a matsayin hanyar ceto. Irin wannan juyi ba ya faɗowa daga sama. Malamai irin su Yves Congar, limamin Katolika ɗan Faransa wanda aka hana koyarwa na wani lokaci a shekarun 1950 kafin daga baya a naɗa shi kadinal a 1994, sun yi shekaru suna share fage.

A nan ne tauhidin zamani ya yi aikinsa, kuma ina so in tsaya a kai, domin amsar tambayarka ta uku tana nan. Malaman ƙarni na ashirin sun koma ga Littafi Mai Tsarki a harsunansa na asali, Ibrananci da Helenanci, sun kuma koma ga rubuce-rubucen iyayen Ikkilisiya na ƙarnonin farko, kuma da suka yi haka sai Katolika da Furotesta da Otodoks suka tarar da kansu suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Daga wannan karatu ne wata ƙa'ida ta fito, wadda Fafaroma Yahaya na 23 ya furta a jawabinsa na buɗe taron Batikan a 1962, cewa gaskiyar bangaskiya abu ne guda, kalmomin da aka bayyana ta da su kuma abu ne dabam. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci a kan jimlar da kakanninsa suka rubuta, sai ka tambaye shi abin da yake nufi da ita, da kuma ɓatan da yake gudu har ya zaɓi waɗannan kalmomi.

Dubi abin da wannan hanya ta haifar a kan ɗaya daga cikin rabe-raben da suka fi daɗewa a tarihin Ikkilisiya. A shekarar 451 babban taron bishop-bishop na Kalsidon ya ce Almasihu mutum ɗaya ne cikin ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta ɗan'adam. Ikkilisiyoyin Masar da Habasha da Armeniya da wani ɓangare na Siriya suka ƙi, suka riƙe lafazin Cyril na Iskandariya mai cewa ɗabi'a ɗaya ce ta Kalmar Allah da ya zama mutum. Fiye da shekara 1,500 kowane ɓangare yana kiran ɗayan ɓatacce. Da malamai suka zauna suka bi kalmar Helenancin da ake fassarawa da ɗabi'a, sai suka gane cewa ɓangarorin biyu ba ma'ana ɗaya suke ba ta ba. Masu cewa biyu suna gudun kada Allahntakar Yesu ta haɗiye mutuntakarsa, masu cewa ɗaya kuma suna gudun kada a raba shi ya zama kamar mutum biyu a jiki guda. A 1973 Fafaroma Bulus na 6 da Fafaroma Shenouda na 3 na ikkilisiyar Kibɗawa suka sa hannu a kan shaida guda, cewa Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba tare da cuɗanya ko rabuwa ba. Babu wanda ya janye bangaskiyarsa a cikinsu. Abin da aka janye shi ne zargin da aka yi wa juna.

Misali na biyu ya fi kusa da tambayarka. Batun baratarwa, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, shi ne ƙashin bayan tawayen Martin Luta tun daga 1517, kuma babban taron Katolika na Trent ya mayar da martani a kansa a 1547 da jerin la'anoni. Luta ya nace cewa Allah yana furta mai zunubi mai adalci ne saboda Almasihu kaɗai, ta wurin bangaskiya kaɗai, domin ya ga yadda dogara ga ayyuka yake jefa lamirin mutum cikin fargaba marar iyaka. Katolika suka nace cewa alherin Allah yana sāke mutum daga ciki da gaske, domin suna gudun bangaskiyar fatar baki wadda ba ta taɓa halin mai ita. Bayan tattaunawar fiye da shekara 30, a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Tarayyar Ikkilisiyoyin Luta ta Duniya da Ikkilisiyar Katolika suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Zuciyar sanarwar ita ce, da alheri kaɗai, ta wurin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wani cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, yake kuma ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zukatanmu, yake kiranmu ga kyawawan ayyuka. Ka lura da yadda rabin farko ya kwantar da hankalin ɗan Luta, rabi na biyu kuma ya kwantar da na ɗan Katolika, kuma dukansu suna cikin Afisawa 2:8-10 a jere. Sanarwar ta ƙara da cewa la'anonin ƙarni na 16 ba su shafi koyarwar kowane ɓangare kamar yadda aka bayyana ta a cikin takardar ba. Metodis suka amince da ita a 2006, ikkilisiyoyin Rifom, wato masu bin tafarkin Zwingli da Calvin, a 2017, Anglika ma suka goyi bayan abin da ta ƙunsa.

To, sassauta gaskiya ne? Dole in faɗa maka cewa akwai malamai masu mutunci da suka ce haka ne. Farfesoshin tauhidi fiye da ɗari a Jamus sun fito fili sun soki takardar, kuma wasu ikkilisiyoyin Luta da ba sa cikin tarayyar sun ƙi ta, suna cewa an samo kalmomi ne masu fuska biyu waɗanda kowa zai karanta yadda ya ga dama. Wannan haɗari ne na gaske, kuma na ga takardun yarjejeniya da suka faɗa cikinsa. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko takardar ta fito fili ta lissafa inda har yanzu ake da saɓani. Sanarwar Augsburg ta yi haka, sakin layi bayan sakin layi, tana cewa ga abin da muka shaida tare, ga yadda 'yan Luta suke faɗinsa, ga yadda 'yan Katolika suke faɗinsa, ga dalilin da ya sa wannan bambanci bai kai na raba zumunci ba. Mai yin rufa-rufa ba ya nuna maka inda ɓarakar take. Akwai kuma abin da ake mantawa: ci gaba da zargin ɗan'uwa da koyarwar da ya rantse ba ita yake koyarwa ba, shaidar zur ce, kuma wannan ma cin amanar gaskiya ne.

Yanzu ga batun teburin Ubangiji. Na taɓa halartar wani taron malamai na mako guda, inda muka yini muna karanta wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korantiyawa tare, muna addu'a tare, muna gyara wa juna fassara. Ranar Lahadi da safe sai aka kafe sanarwa a bakin ƙofa, ɗaki kaza na Katolika, ɗaki kaza na Otodoks, babban zaure na sauran. Wani dattijon malami da muka shaƙu da shi ya bi mu zuwa namu ɗakin, ya zauna a kujerar baya, da aka zo rarraba gurasa kuma sai ya harɗe hannuwansa a ƙirji, alamar albarka kawai yake nema. Na ga hawaye a idonsa, kuma na san ba ƙiyayya ce ta hana shi miƙa hannu ba. Biyayya ce ga ikkilisiyarsa, da kuma ƙin yin kamar an riga an haɗu alhali ba a haɗu ba.

A 1982 a birnin Lima na ƙasar Peru, malamai daga kusan dukan manyan ɗariku, har da na Katolika waɗanda suka zama cikakkun mambobin hukumar koyarwa ta Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya tun 1968, suka amince da takarda a kan abubuwa uku: baftisma, Jibin Ubangiji, da hidimar waɗanda aka naɗa. A kan baftisma an yi nisa sosai, har yawancin ikkilisiyoyi suna karɓar ta juna muddin an yi ta da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko da yake masu baftismar manya kaɗai suna da ja a kan ta jarirai. A kan Jibin ma an matso kusa, domin binciken ma'anar tunawa a al'adar Idin Ƙetarewa ya nuna cewa tunawa a Littafi Mai Tsarki shiga ne cikin abin da Allah ya yi sau ɗaya tak, wanda ya rage zafin tsohuwar gardamar ko ana sake miƙa hadayar gicciye ne. A kashi na uku ne keken ya tsaya.

Katolika da Otodoks sun gaskata cewa bishop yana karɓar hidimarsa ne ta ɗora hannu, daga hannu zuwa hannu tun daga manzanni, kuma in babu wannan silsila to Jibin bai cika ba. Saboda haka ne Fafaroma Leo na 13 ya ce a 1896 naɗin limaman Anglika bai inganta ba, saboda haka ne kuma wata takardar Batikan ta shekarar 2000 ta ce jama'o'in Furotesta ba ikkilisiyoyi ba ne a cikakkiyar ma'anar kalmar, maganar da ta yi wa mutane da yawa ciwo, shekara ɗaya kacal bayan murnar Augsburg. Furotesta kuwa suna cewa gadon manzanni yana cikin riƙon koyarwarsu. Shaidar bangaskiyar 'yan Luta, wadda aka gabatar a Augsburg tun a 1530, ta ce ya isa ga haɗin kan Ikkilisiya a yarda a kan wa'azin bishara da gudanar da baftisma da Jibi yadda ya kamata. Bisa wannan ƙa'ida ce ikkilisiyoyin Luta da na Rifom na Turai suka yi yarjejeniyar Leuenberg a 1973, suka buɗe wa juna teburi da mumbarin wa'azi, bayan rabuwar da ta faro tun 1529 a Marburg, inda Luta da Zwingli suka yi baran-baran a kan ma'anar "wannan jikina ne". Kowace ikkilisiya ta ci gaba da tsarinta da sunanta.

Ka ga ke nan ba a ma yarda a kan kamannin haɗin kan da ake nema ba. Ga wasu, Jibin abincin tafiya ne, a ci tare domin a samu ƙarfin kaiwa ga haɗuwa. Ga wasu kuma shi ne alamar an iso, kuma cinsa tare kafin a daidaita a kan bangaskiya da shugabanci faɗin abin da bai tabbata ba ne a gaban Allah. A bayan duk wannan akwai matsayin bishop na Roma, musamman bayan taron Batikan na Farko a 1870 ya ba shi iko a kan dukan Ikkilisiya, ya kuma ce ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance a kan bangaskiya da ɗabi'a. Fafaroma Bulus na 6 da Sarkin Limamai Athenagoras na Kustantiniyya, jagoran Otodoks, sun ɗage la'anar da ɓangarorinsu biyu suka yi wa juna a 1054 a watan Disamba na 1965, amma zumuncin teburi bai dawo ba. A 1995 Fafaroma Yahaya Bulus na 2 ya yi abin da ban yi tsammani ba, ya roƙi shugabanni da malaman sauran ikkilisiyoyi su taya shi neman wata hanyar gudanar da wannan muƙami wadda kowa zai iya karɓa. Har yau ana amsa wannan gayyata.

Ana cikin ɗinke tsohuwar ɓaraka sai ga sababbi. Naɗin mata ya ƙara nisa tsakanin Roma da Anglika, batun aure da jinsi ya tsaga Anglika da Metodis daga cikin gida, kuma a 2018 ikkilisiyar Rasha ta yanke zumunci da Kustantiniyya a kan ikkilisiyar Yukren. Ikkilisiyoyin da suka fi saurin girma a Afirka da Asiya da Latin Amurka, wato na Fentikos da masu zaman kansu, akasarinsu ba sa cikin Majalisar, kuma da yawansu suna ganin haɗin kai na ruhu ne, ba ya bukatar sa hannu a takarda. Wannan ne ya sa aka buɗe wani dandali mai faɗi wanda ya yi babban taronsa na farko a Limuru ta ƙasar Kenya a 2007, inda ake fara zama da kowa ya ba da labarin yadda ya sadu da Almasihu, kafin a taɓa wata koyarwa.

Abin da ya hana ni fid da rai shi ne shaidar waɗanda suka mutu tare. A Yuganda, tsakanin 1885 da 1887, Sarki Mwanga na 2 ya kashe 'yan Katolika 22 da 'yan Anglika 23, wasunsu a wuta ɗaya a Namugongo. A ranar 10 ga Nuwamba 1943 gwamnatin Nazi ta fille kan limaman Katolika uku da faston Luta ɗaya daga birnin Lübeck, ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintoci. Masu kisan ba su tambayi ɗarikar kowa ba. Tambayar da wannan yake jefa wa tauhidi mai nauyi ce: idan mun yarda cewa waɗannan suna tare a gaban Ɗan Ragon, da wace hujja muke cewa hidimar da ta rene su cikin bangaskiya fanko ce?

A ganina, mataki na gaba shi ne a yi wa batun naɗi irin aikin da aka yi wa batun baratarwa, a tambayi kowane ɓangare abin da yake karewa da abin da yake gudu. Kuma akwai inda aka taɓa gwadawa aka ga ya yiwu. A kudancin Indiya, bayan tattaunawar da ta faro a 1919, Anglika da Metodis da wata ikkilisiya da ta riga ta haɗa Firesbiteriya da masu tsarin ikon jama'a suka zama ikkilisiya guda a ranar 27 ga Satumba 1947 a birnin Madras. Masu bishop ba su tilasta a sake naɗa fastocin da ba bishop ne ya ɗora musu hannu ba, aka karɓe su duka yadda suke. Marasa bishop kuma suka yarda cewa daga ranar duk wani sabon naɗi bishop ne zai yi shi tare da dattawa. Aka ba wa juna shekara 30 domin hidimomin biyu su narke su zama ɗaya, aka kuma yi alkawarin ba za a tilasta wa wata jama'a limamin da lamirinta bai kwanta da shi ba. Wasu 'yan Anglika a Ingila sun yi shekaru suna ɗari-ɗari da wannan ikkilisiya kafin su karɓe ta cikin cikakken zumunci. A yau tana zaune a cikin tarayyar Anglika ta duniya, da ta Metodis, da ta Rifom, duka a lokaci guda, kuma jikokin waɗanda suka sa hannu a Madras suna cin Jibi a teburi ɗaya.